Hajar Da Ta Rage A Kantin Badaru

Ranar da Malam Badaru ya sayar da tukunyar sabulun matarsa Batulu, sai da ya fara yi mata lacca a kan zamani tukuna.

Ya shigo da hantsi, hula a karkace, ya tsaya a tsakar gida yana kallon murhu kamar yau ya fara ganin hayaƙi. Batulu na durƙushe tana tace ruwan toka, idanunta sun yi jajir.

"Wai ke ba kya jin rediyo ne?"

"A ina zan ji, Malam? Rediyon naka ne, kuma a kanti yake kwana."

"To ki ji daga bakina. Ƙasar nan ta yi arziki. Mai ne yake ta ɓulɓulowa can kudu har an rasa mazubi. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, masinja ma da babur ɗinsa. Wa kike zaton zai ci gaba da wanka da wannan baƙin curin naki?"

"Wanda ya yi wanka da shi yau da safe," in ji Batulu. "Ga kumfar can a bayan kunnenka."

Badaru ya shafa bayan kunne, ya ji da gaske ne, sai ya yi gyaran murya ya sake hanya.

Kantinsa ɗaki ne guda a bakin kasuwar Gwaram, da kanta ta katako da ƙusoshi a bango. Akwai ashana, gishiri, kanwa, allura, kananzir a kwalba. Sauran abin da ke cika ido kuwa daga hannun Batulu yake fitowa: sabulun salo, man gyada, ƙuli-ƙuli, da zaren da take kaɗawa in ta samu sarari. Da haka aka ci aka sha, har Badaru ya ajiye tumbi. Amma tunda aka gyara hanya, motar haya kiya-kiya ta fara zirga-zirga zuwa Birnin Kudu, mutane suka gano kantin Alhaji Sabo, ɗan baffan Badaru, mai ƙofar gilashi da fanka a sama. Can ake samun garin sabulu a kwali, man girki a gwangwani, bokitin roba launi-launi. Wanda ya saba tsayawa gaban Badaru ya yi sayayya, yanzu sai ya ɗaga masa hannu daga nesa ya wuce da kwali a ka.

Batulu ta san ciniki ya ja baya, ba sai an gaya mata ba. Amma bai mutu ba. Masu jego suna aikowa, tsofaffi suna zuwa, matan Fulani in sun sayar da nono ba sa komawa ruga sai sun biyo ta ƙofarta.

"Abin da kantin nan ya rasa," in ji Badaru, "rakoda ce. Mai kaset. In kiɗa na tashi, mutum ko bai yi niyya ba sai ya tsaya. In ya tsaya kuwa sai ya saya."

"To ka sayo mana."

"Ai shi ya kawo ni." Ya karkata ido wajen tukunyar.

Tukunyar ƙarfe ce babba, da guminta ta saye ta. Batulu ta ce ba ta yarda ba. Ya ce ba sayarwa zai yi ba, juya ta kawai zai yi, kafin damina ya kawo mata wadda ta fi ta, 'yar Ingila. Ta sake cewa ba ta yarda ba. Da la'asar ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ta dawo ta tarar da duwatsun murhu suna kallon sama.

Rakoda ta zo, kuma gaskiya ta tara jama'a. Samarin Gwaram suka yi dafifi a ƙofar kanti, wasu a tsaye, wasu a kan buhun gishiri, suna ta kaɗa kai. Babu wanda ya sayi ko ƙwayar ashana. Dattawa masu saye na gaskiya suka riƙa kewayewa ta baya, wai kantin ya zama dandali. Batir ya ƙare, Badaru ya sa na sayarwa, su ma suka ƙare. Mawaƙin cikin rakoda ya fara jan murya kamar mai gyangyaɗi, rannan ta haɗiye kaset ta yi tsit.

"Kuskuren da na yi," in ji Badaru, "na ba su abin ji, ban ba su abin sawa ba. Yanzu tabarau ake yayi."

Wannan karon akuyoyinta biyu ne suka tafi, da kaskon suyar gyada.

"Akuya me take yi ban da ɓarna a gonar mutane?" ya ce da ta tare shi a zaure. "Ke ba ki gode ba na raba ki da rigima?"

Kwali guda ya sayo na baƙin tabarau. Manomin da ya tashi cikin rana tun yana yaro bai ga dalilin rufe ido da gilashi ba. Mutum ɗaya ya saya, wani makiyayi daga Farin Dutse, washegari ya dawo da shi a fusace. Ya ce tunda ya maƙala abin nan yake ganin hadari ya haɗo, ya kora shanu gida da rana tsaka, matansa suna ta yi masa dariya. Badaru ya koma sawa da kansa don talla, safe da yamma, bai cire ba sai da ya zurma cikin kwatar masallaci.

Batulu ta kai ƙara wajen Dada, uwar Badaru. Ta same ta a inuwa tana ɓarar gyada.

"Yarinya," in ji Dada, ba ta ko ɗago ba, "namiji in yana nema ba a tare masa gaba. Da caca yake, ko shaye-shaye, sai in tsawata. Amma nema fa yake. In ya samu, wa zai ci? Ba ke ba?"

"Dada, ni da nake ci da hannuna?"

"To ai shi ne. Kin saba da wahala. Ki ƙara haƙuri."

Ta bi ta wajen matar limamin unguwa, magana ta kai kunnen liman. Shi kam ya faɗi gaskiya: dukiyar mace tata ce, ko allura miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Ya ce zai kira Badaru, ya kuwa kira shi. Ranar Juma'a aka ga liman da baƙin tabarau. Daga nan maganar ba ta sake tashi ba.

Na uku firji ne, mai aiki da kananzir.

"Lemo mai sanyi, Batulu! Kin san mutum zai tako daga Fagam da ƙafa don ya sha abu mai sanyi?"

Firji ya cinye gadonta mai rumfa, ya cinye jeren kwanukan aurenta, ya haɗa da dutsen niƙa. Ya yi 'yan kwanaki yana sanyi, yara suna zuwa taɓa bangonsa. Sai kananzir ya yi wuya, a ƙasar da aka ce an rasa mazubin mai. Firji ya huce, aka bar ƙofarsa a buɗe don wari, kazar maƙwabta ta samu wurin yin ƙwai.

Batulu ta koma kwana a tabarma. Ta fara aron tukunya, amma ruwan toka yana cin tukunya, masu ba da aro suka fara cewa tasu tana kan wuta. Masu jego suka aiko aka koma hannu wofi, har suka daina aikowa. Matar da ake sallama a ƙofarta da girmamawa ta koma yin surfe da daka a gidajen mutane, a sallame ta da ɗan gari da dusa. Zanenta ya koɗe, wuyanta ya fito. Duk da haka bakinta bai mutu ba.

"Miyar nan ba mai," in ji Badaru wata rana, yana juya cokali.

"Man yana cikin firji, Malam."

Gab da damina ya shigo da fara'a har kunne.

"Albishirinki. Hajiya Kubra ta sauka, matar Alhaji Sabo. Namiji. Kuma ba ta da babba a kusa. Na ce wa Alhaji, ga facalarta zaune, duk Gwaram wa ya fi ta iya jego? Ki je ki huta, ki ci shinkafa, ki ga lantarki."

Batulu ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba. Ta wanke zanenta mai dama-dama, ta hau kiya-kiya.

Gidan Alhaji Sabo na siminti ne, da famfo a tsakar gida. Hajiya Kubra, yarinya ce a kanta, ta tarbe ta da "Sannu da zuwa, Yaya Batulu," aka kawo mata shayi da madara. Batulu ta zage ta kama aiki: dafa ruwan wanka, kunun kanwa, gashin jariri. Bayan suna aka ƙara mata wanki. Bayan wanki, wanke-wanke da shara. Alhaji yana da kwangilar gina azuzuwan makaranta, sai aka ga ai abincin leburori ma gara a dafa a gida.

Da aka yi arba'in ta ɗaure ƙullinta.

"Haba Yaya," in ji Hajiya Kubra, "yanzu da yaron ya saba da bayanki? Bari Alhaji ya dawo daga Kano."

Alhaji ya dawo, ya ce a bari a gama ginin nan. Aka gama, aka samu wani. "Yaya Batulu" ta koma "Batulu", daga nan ta koma "ke". Aka yi baƙi, aka ce ta ɗan koma sito kafin su tafi. Baƙi suka tafi, ita tana nan tsakanin kwalaye. Rannan tana goge tsakar ɗaki ta ji wata ƙawar Hajiya na tambaya, "Wannan fa?" Hajiya ta ce, "Wata ce daga ƙauye, tana ɗan taimaka mana."

Garin sabulun nan na kwali, mai kumfa kamar gajimare, ya ci mata hannu. Tafin ya tsattsage, yatsu suka kumbura, in ta tsoma a ruwa sai ta ciji leɓe. Ta nuna wa Hajiya.

"Rashin sabo ne. Kayan Turawa sai a hankali."

Ta aika wa Badaru ta bakin Hadi, direban Alhaji, cewa tana son dawowa. Amsa ta zo: ta ƙara haƙuri, kanti ya fara farfaɗowa.

Damina ta wuce, aka shiga kaka. Wata safiya Hadi yana loda kwalaye a bayan a-kori-kura, madarar gwangwani da sukari da bokitai, sai ya hango ta tana shanya da goyo a baya.

"Inna, taya ni da wannan kwalin mana, tunda dai naki ne."

"Nawa kamar yaya?"

"Na watan nan. Albashinki." Ya yi dariya. "Duk ƙarshen wata ni nake kai wa Malam Badaru. Ai Inna ke ce kika tsayar da kantin nan. Wancan watan har ya ce a gaya wa Alhaji aikin ya ƙaru, a ƙara kwali."

Ya ga yadda ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, sai dariyar ta maƙale masa.

"Au. Ba ki sani ba?"

Batulu ta shanya zanen tsaf, ta shiga ɗaki. Hajiya Kubra na kishingiɗe ƙarƙashin fanka.

"Hajiya, ashe ni 'yar aiki ce a gidan nan?"

"Bai gaya miki ba?" Hajiya ta tashi zaune. "Shi fa ya zo da ƙafarsa, ya ce sana'arki ta mutu, kina zaune ba kya komai. Alhaji ya ce maimakon a ɗauko bare, gara na gida ya amfana. Wallahi taimako muka yi. Kin san mata nawa ke neman wurin nan?"

"Da kin tambaye ni."

"To ai mijinki aka tambaya."

Batulu ta kwance goyo, ta sumbaci yaron a ka, don shi bai yi mata komai ba, ta miƙa wa uwarsa. Ko ƙullinta ba ta ɗauka ba. Ta fita ta haye bayan mota, ta zauna a kan kwalin madara. Hadi ya ce ta dawo gaba. Ta ce a'a, nan ne wurinta.

Ranar kasuwar Gwaram ce, gari ya cika. Badaru ya fito da murmushi yana tarbar kwalaye, sai ya ga mutum a tsakiyarsu.

"A'a! Hutu aka ba ki?"

Ta ɗauki kwali ɗaya ta shigar, ta ajiye. Ta cire takalmi, ta taka akwatin lemo, ta haye kan kanta. Ta zauna tsakanin gwangwanayen madara da bokitan roba, ta tanƙwashe ƙafa, ta gyara mayafi.

"Batulu, mene ne haka? Sauko!"

Ita kuwa sai ta ɗaga murya irin ta masu talla.

"Jama'a a matso! Sabon kaya ya iso daga Birnin Kudu!"

Kafin ka ce me, ƙofar kanti ta cika fiye da zamanin rakoda.

"Ga ta nan, a duba da kyau! Tana wanki, tana daka, tana raino, tana dafa wa leburori. Ba ta cin batir, ba ta shan kananzir, tuwon jiya ma ya ishe ta. Mai ita ya sayar da tukunyarta, ya sayar da akuyoyinta, ya sayar da gadonta. Ita kaɗai ta rage. A taya!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani mahauci ya leƙo da wuƙa a hannu. "Malam Badaru, in ta lalace ana dawowa da ita?"

Badaru ya rasa inda zai sa kansa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ku yi haƙuri jama'a, zafin mota ne ya buge ta. Ni ban sayar da kowa ba! Haya ce kawai... a'a, ba haya ba, zumunci ne! Zumunci!"

Nan fa aka sake fashewa, har wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Batulu ta bari dariyar ta lafa, sannan ta fito da hannayenta daga mayafi, ta buɗe tafukan ta ɗaga sama.

"Sai dai mai saye ya duba nan, kada ya ce an cuce shi. Kayan ya ɗan taɓu."

Na gaba suka gani, suka yi shiru. Shirun ya bi ta baya har ya kai bakin hanya. Mahaucin ya sunkuyar da kai ya koma rumfarsa. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Innalillahi. Hannun Batulu ne wannan?"

Manu, wan Batulu, ya zo daga Fagam sayar da riɗi, wani ya ruga ya kira shi. Ya ratso jama'a, ya tsaya gaban kanta, ya daɗe yana kallon hannayen ƙanwarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Sauko, Batulu. Mu je gida."

Ta sauko. Sai a lokacin hawaye suka zo, ta ja mayafi ta rufe fuska. Badaru ya biyo su yana "Yaya Manu, tsaya ka ji yadda aka yi." Manu bai waiwaya ba.

Gwaram ta daɗe tana dariyar wannan rana. Labari ya kai tasha, ya hau mota ya je Birnin Kudu, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Kowa ya riƙe yadda ta hau kanta. Kaɗan ne suka riƙe abin da ya hau da ita. Dada ta ce an tozarta mata ɗa a bainar jama'a. Hajiya Kubra ta ce ɗan Adam ba a iya masa, ka taimake shi ya zage ka. Alhaji Sabo kuwa, sati bai zagayo ba aka kawo masa wata daga wani ƙauye, ita ma mijinta mai ƙaramin kanti ne. Da kwalaye suka daina zuwa, kantin Badaru ya rufe, ya koma zaman benci a tasha yana ba da labarin yadda zamani ya karya shi.

Kuma ba ƙarya ya yi duka ba. Zamani ya zo da ƙarfinsa, ya rufe kantuna da yawa, ya kashe murhun mata da yawa, daga masu sabulu har masu kaɗi. Amma zamani bai taɓa shiga gidan kowa ya kwance akuya daga turke ba. Bai taɓa zuwa Birnin Kudu ya yi cinikin matar wani ba. Wannan aikin mutum ne, mutumin da ake dafa wa tuwo, wanda ya san sunan mai akuyar.

A Fagam hannun Batulu ya warke a hankali, da man kaɗanya da hutu, ko da yake yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa daidai ba. Manu ya ba ta tinkiya mai ciki, ya ce ta fara da wannan.

Bayan girbi sai ga Badaru ya zo biko, da wankakkiyar riga da ƙullin goro. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar zaure. Ya gaida Manu, ya yi ta rantsuwa ya gane kuskurensa, sharrin shaiɗan ne da rashin shawara. Batulu na daga ciki tana ji, zuciyarta ta ɗan yi laushi, don shekarun da aka yi tare ba wasa ba ne. Ta fito ta durƙusa daga gefe, suka gaisa.

"Kin yi kyau," ya ce. "Kin murmure."

"Alhamdu lillahi."

Tinkiya ta yi kuka a turke. Badaru ya waiwaya, ya dube ta tun daga kai har wutsiya, ya ɗan karkata kai yana auna cikin.

"Masha Allahu. Wannan ta wa ce?"

"Tawa ce."

"Taki ke kaɗai?" Ya matso da tabarma kaɗan, ya rage murya. "Kin san kuwa, Batulu, yanzu injin markaɗe ake yayi? Wani ya ce min in mutum ya samu ɗan abin da zai fara..."

Batulu ta miƙe, ta kakkaɓe zane. Ta leƙa cikin gida ta kira matar wanta.

"Tani! Zo ki shigar da tinkiyar nan ɗaki, ki sa sakata."

Sannan ta juyo, ta tura masa ƙullin goronsa da ƙafa, a hankali, har gaban gwiwarsa.

"Malam, ka kama hanya tun da sauran rana. Ka gaida Dada."